Latas Ɗin Baba Ya Faɗi Jarrabawa

Anti, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Autarmu ce abin alfaharin gidanmu. A jami'a ta haɗa wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana: a matse ganye, a ɗiga ruwansa a kan wani tsinke mai sinadari irin na jikin halitta, in akwai ragowar maganin ƙwari sai fitila ta yi ja. Ni da ko kwan lantarki ban iya canjawa ba, sai dai kallo da addu'a.

To tana buƙatar ganye mai tsabta da za ta gwada na kasuwa da shi. Baba da kansa ya yanko latas a lambunsa, ya kai mata har ɗakin gwaji, yana gaya wa mai gadi cewa nasa ne ma'auni. Anti, na kasuwa ya tsallake, na Baba ya kunna ja. Ta maimaita, haka. Auta ta ce za ta nemi wani ganyen ta yi shiru. Amma latas ɗin nan 'ya'yana ke ci, kuma Baba har ya kai rigarsa guga don ranar da za ta kare aikin a gaban malamai. Mu faɗa masa?

Babbar Yaya

Babbar Yaya, ki fara taya Auta murna. Na'urar da ba ta ji kunyar uban mai ita ba, ba za ta ji ta kowa ba, kuma irinta muke nema.

Na fahimci shirun Auta, mutuncin uba ba abin wasa ba ne. Sai dai shiru ba ya wanke ganye. Jar fitila ma gargaɗi ne, ba hukunci ba. Ta kai samfurin babban ɗakin gwaji a tabbatar. Kafin nan, yara su dakata da latas.

Ku sami Baba a lambu, ba a gaban jama'a ba. Auta ta tambaye shi yaushe ya yi feshi, wataƙila yanka ya yi kafin wa'adin maganin ya cika. Ta ba shi tsinken ya ɗiga da hannunsa, in wa'adi ya cika ya sake gwadawa. Mutumin da ya ɗauko ganye har jami'a zai jure wannan.

Allah ya ba Auta sa'a, ya sa Baba ya saka rigarsa ranar.