Dalar Kawu a Kitsona

Gure, farkon komawa lakwal, wato makaranta

Zuwa ga yayata Balkisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Bune. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta sosai. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na fara kolej. Kawu Jibirilla ya saya mini kaye na rubutu da takalmi, Kaka Mairamu kuma ta ba ni gefen gadonta. Ba a yi mini faɗa. Amma Yaya, akwai abin da ke damuna, kuma kin san ni, ba na iya buɗe baki gaban manya.

Kin san Kawu ya daɗe yana aiki a Lome kafin ya dawo gida. Ranar Asabar wani baƙo ya zo wurinsa a babbar mota katkat, ba mutumin nan ba ne. Ni na kai musu ruwa zaure. Da suka gaisa sai na ga babban yatsan baƙon ya danna gaɓar manunin Kawu, shi ma Kawu ya mayar masa haka. Ba su saki hannu da wuri ba. Suka kalli juna, suka yi murmushi kamar sun tashi gida ɗaya, alhali ina ji baƙon yana tambayarsa sunansa. Da zai tafi ya ba Kawu wani ƙarfe kamar dala, Kawu ma ya ciro nasa ya ba shi. Ni dai ban taɓa ganin an yi musayar kuɗi da kuɗi ba a sayi komai ba.

Na gwada danna gaɓar hannuna da kaina, ban ji komai ba. Wataƙila gaisuwar Lome ce. Ki gaya mini idan kin taɓa ganin irinta.

Taki ƙanwa,
Nasira

Gure, ranar Lahadi

Zuwa ga yayata Balkisa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Saƙonki ya zo ta hannun Ɗan Talata direba, na gode da ƙulin. Kin ce in daina leƙen manya. Wallahi ban leƙa ba, abin ne ya biyo ni.

Ina wankin rigar Kawu dalar nan ta faɗo daga aljihu. Kaka ta riga ni ɗauka. Kin san idonta ya yi rauni. Ta cije ta da haƙori, ta ce azurfar zamanin da ce irin wadda suke sa wa a kitso suna 'yan mata, kuma namiji ba shi da abin yi da ita. Ta ba maƙeri ya huda ta. Da za a yi suna a maƙwabta, ta kai ni wurin Salamatu mai kitso, aka ɗaura mini ita a jelar da ke kusa da kunne. Na so in ce ta Kawu ce a tambaye shi, amma kunya ta hana ni.

Ba kuɗi ba ne, Yaya. A jikinta akwai kompa da ekyar, irin waɗanda mushe, malaminmu, yake zana da'ira da kusurwa da su a allo, an haɗa su baki da baki. A bayanta akwai ido guda ɗaya.

Jiya Kaka ta aike ni tasha. Ɗankwalina ya zame, sai wani mutum mai tabarau da ke shan shayi ya tsura wa kunnena ido. Ya kira ni, ya ce 'yar wa ce ni. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan Kawu. Ya ce in gaya masa ɗan'uwansa yana gaishe shi, kuma ba a rataya wa yara wannan abin. Yaya, mun san dangin Inna kaf. Wannan wane ɗan'uwa ne da bai ma san sunan Kawu ba sai da na faɗa?

Salamatu ta tare ni a hanya. Ta ce tun ranar kitso hankalinta bai kwanta ba, mijinta ya nuna mata hoton abin a waya. Wai alamar faramaso ce, masu ƙungiyar asiri, da ita da wannan gaisuwa suke gane juna ko ina suka haɗu. Wai kuma ba sa samun ɗaukaka sai sun ba da wani nasu. Ta riƙe haɓa ta ce, “Ke Nasira, duk 'ya'yan dangi, don me ke ya zaɓa ya kawo birni? Ga shi har an sa miki shaida kamar akuyar layya.”

Na tsinke dalar na ƙulle a bakin zane. Tun jiya nake tuna duk alherin da ya yi mini, kowanne sai ya zame mini abin tsoro, har takalmin. Ina son kolej, Yaya, kin fi kowa sani. Amma ki roƙi Inna a ce wa Ɗan Talata ya biyo ya ɗauke ni ranar kasuwa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Nasira

Gure, ranar Juma'a

Zuwa ga yayata Balkisa,

Ina gaishe ki da Inna da yara, da fatan kun wuni lafiya. Kada ki ji haushi da kika ga motar Ɗan Talata ta iso babu ni. Ga dalili.

Ban iya tambayar Kawu da baki ba. Sai na yi yadda Inna take yi idan tana da magana da Baba ba ta son faɗa: na ɗora dalar a kan faifan da na rufe tuwonsa, na ajiye, na koma bakin ƙofa na durƙusa.

Na zaci zai yi fushi. Ya ɗauka, ya ga hudar, ya ga ɗan zaren kitso a jiki. Bai tambaye ni inda na samu ba. Cewa ya yi, da sunan da yake kirana, “Uwata, wa da wa suka gani?” Na faɗa masa. Ya ajiye dalar a gefen faifan. Daga baya ya ce ƙungiya ce ya shiga a Lome tare da abokan aikinsa, idan ɗaya ya sauka garin da bai san kowa ba, da wannan yake samun mai karɓarsa. Ya ce dalar tsaraba ce kawai tsakaninsu. Ya rantse bai taɓa barin salla ba, kuma bai taɓa ba da ko kaza ba, balle 'yar ƙanwarsa. Na yi ƙarfin hali na ce to me suke yi idan sun rufe ƙofa. Ya ce wannan ya yi alkawari ba zai faɗa ba. Tuwon bai ci ba.

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa mini, Yaya. Mutumin da ya ce akwai abin da ba zai faɗa ba, ta yaya zan san iyakar abin? Har yanzu idan ya kira ni, daga bakin ƙofa nake amsawa.

Amma Salamatu ta riga ta baza maganar. Yau da aka sauko daga masallaci ina bakin zaure, na ga Kawu ya miƙa wa Malam Tahiru maƙwabcinmu hannu. Malam Tahiru ya ɗora nasa a ƙirji ya wuce. Na bayansa ma haka. Kawu ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya sa shi a aljihu. Kaka tana ɗaki tana kuka, wai ita ta jawo wa ɗanta, ita da ta so ta yi mini ado.

Matan unguwa yanzu ni suke kallo. Jiya na yi atishawa a bakin famfo, wata ta ce, “An fara.” Idan na hau motar nan, gari zai ce na tsere ne da raina, kuma ba mai ƙara ba shi hannu har ya mutu. Idan ƙarya ake yi masa, ni na gama da shi ke nan. Don haka zan zauna, in je kolej kullum ta gaban masallaci, kowa ya gan ni da ƙafafuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Sauro ya yi yawa, gidan sauron Kaka kuma duk ya yage. Ki aiko mini da sabo ta hannun Ɗan Talata, kada ki jira wata kasuwar. A gidan nan ko zazzaɓi bai kamata in yi ba.

Ki sa ni a addu'a, Inna ma ta sa ni.

Taki har kullum,
Nasira