Muryar Tsahara

Jiratawa, Litinin.

Zuwa ga Yaya Muhammad Auwal,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen gidan rediyonmu. Ni ma lafiya lau, sai ƙafa da ta kumbura.

Jiya na dawo daga ƙauyukan bakin iyaka, na sauka wurin Gwaggo Salima. Kwana biyar ina bin ayarin soji. Su Nasser na wurin aikinmu da suka ce mace ba ta zuwa inda ake harbi, ka gaya musu a zaure aka tsayar da maza 'yan jarida, ni kuwa har ƙuryar ɗaki aka shimfiɗa mini tabarma.

Ga katin na'urata cikin ambulan ɗin nan. Za ka ji wata mata, Tsahara, tana ba da labarin yadda mijinta ya nuna wa soji hanyar sansanin 'yan bindiga, har aka kuɓutar da mata tara. Sai da na rantse mata ba za a ji muryarta ba kafin ta buɗe baki. Don Allah, Yaya, ka saurara kawai. Ranar Alhamis zan zo Maraɗi in karanta da bakina, in sauya abin sauyawa. Kai ka lallashi Baba ya bar ni wannan aiki, kai kaɗai zan ba amanar nan.

Ƙanwarka,
Samira.

Jiratawa, Lahadi.

Yaya Muhammad Auwal,

Ina gaisuwa, da fatan Inna tana lafiya. Ni dai ba lafiya nake ba, kuma ka san dalili.

Ranar Laraba ina tsinkar zogale a lambun Gwaggo na ji muryar Tsahara a rediyon maƙwabci. Na samu saƙonka cewa su Nasser sun ce ba mai yarda da rahoton mace daga fagen daga sai an ji mai maganar, kuma wai ka yanke sunan garin, ita ma ba ta ambaci sunan kowa ba.

Haba Yaya! Ka taɓa jin Inna ta kira sunan Baba? Tsahara ma ba ta faɗin sunan mijinta, sai dai ta ce Mai Jan Raƙumi. Sau huɗu ta faɗa, sau huɗu ka bari. A yankin nan ko akuya ta san wanda Tsahara ke kira haka. 'Yan bindiga ma suna da rediyo.

Ranar Juma'a suka tare Sallau, mijin Tsahara, a gonarsa. Jiya aka yi jana'iza.

Na je gaisuwa. Matan da a dā suka matsa mini wuri a tabarma suka kau da kai da na shiga. Tsahara ba ta zage ni ba, ta ma sa aka kawo mini ruwa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ka ci amanata, Yaya, ka zaɓi maganar su Nasser a kan rantsuwata. Amma ni na miƙa maka katin, da wannan zan kwana in tashi. Kada a jira ni a wurin aiki, kada kuma ka turo Inna biko.

Shekara ashirin Tsahara tana ɓoye sunan mijinta don kunya. Ni da kai kwana uku muka kasa.

Ka gaida Inna.

Samira.