Ƙwan Ɗaukar Hoto

Laraba, bayan Isha

Yau jami'an ciyar da ɗalibai suka zo makarantarmu, wai za su wayar da kan iyaye su riƙa turo yara. Ji shirme! Sati uku ba a ɗora mana tukunya ba, shi ya sa rabin ajina suka daina zuwa. Amma yau har da dafaffen ƙwai. Babbansu, sai ƙamshin turare yake, ya ce mini, "Malama, kowa ya ɗaga ƙwansa sama." Aka ɗauki hoto, suka shige mota.

Ummi, 'yar ajina, ta ƙi ɓare nata. Ta ce, "Malama, namu ne, ko za a karɓa?"

Na ce, "Cinye maza, kafin su tuna."