Hannun Kurtu

Zuwa ga ɗana Saje,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Maƙwabciyata Nas ce ke rubuta mini wannan, na ce ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara. Ya jikinka, ya gwiwar nan taka, ya mai ɗakinka da yara? Ni da sauƙi, sai dai idanu.

Maganar 'yarka ce, Kurtu. Ni na laƙa mata sunan nan tun tana yawo ba wando. Ta kifa kwanon sha a ka, ta ƙame a bakin ƙofa ta sara mini, ba za ta motsa ba sai na ce a sauke hannu. Na yi zaman bariki da ubanka, na yi da kai, ranar da ta sa kaki na fi kowa rawar ƙafa.

To yanzu tana kulle a gadurum, kurkukun bariki. A waya ka ce mini rashin kunya ta yi, ta ƙi sara wa Manjonsu. Iyakar abin da suka gaya maka ke nan. Ni na je na gan ta ta tagar ƙarfe, ta faɗa mini abin da 'ya ba ta iya faɗa wa uba. Da rana tsaka Manjon ya kira ta ofis wai ta jera masa takardu, ya murɗa mabuɗi. Sauran ba zan sa Nas ta rubuta ba, kai ba yaro ba ne.

Ta kai ƙara. Aka ce ƙarar soja sai ta bi ta hannun na gaba da shi, ka fi ni sani. To na gaba da ita shi ne. A kan teburinsa ƙarar ta kwana. Da suka haɗu a baranda, hannunta ya ƙi tashi. Wannan laifin kam bai sha rana ba, kafin la'asar an rufe ta.

Ka zo. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka

Ɗana Saje,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya. Nas ma tana gaisuwa.

Ba ka zo ba, saƙo ka aiko: wai kaki ake sara wa, ba mutumin da ke ciki ba. To kakin ne ya murɗa mabuɗi? Ubanka ma haka yake magana, Allah ya jiƙansa. A zamaninmu akwai wata mai shara a ofishinsu da aka wayi gari an sallame ta. Duk matan bariki mun san dalili, muka ci gaba da shanyarmu.

Wata lauya ta zo wurina, 'yar siririya, takalminta duk ya cinye. Ta zauna a tabarmata ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro tafiya. Ta ce ana shirin sabuwar doka, za a cire irin wannan ƙara daga hannun manyan bariki a ba wani ofishi daban wanda ba ya sara wa kowa. Amma sai wanda yake cikin kaki za a saurara. In aka kori Kurtu, maganar ta mutu. Su kuma sun ce abu ɗaya zai hana korar: ta fito a faretin safe, ta sara wa Manjon a gaban kowa.

Na koma wurin Kurtu. Ta rame, wuyan nan kamar na kaza. Ta ce har abokan aikinta mata suna wucewa suna ce mata amaryar Manjo, ya gajiyar ofis. Ta yi mini tsiyar da ta saba, wai tsohuwa har yanzu ban mutu na bar mata gadona na ƙarfe ba, amma dariyar ba ta kai ido ba. Sannan ta ce in na ce ta yi, za ta yi. Na ce ta yi. Na ce hannu ne kawai, ta ɗaga ta sauke, sabon ofishi zai karɓar mata haƙƙinta.

Ka yi mata addu'a, tunda ita ce ba ta bukatar kuɗin mota.

Mahaifiyarka

Saje,

Gaisuwa. Muna nan da rai.

Ta sara. Ina tsaye a jikin wayar shingen bariki, na gani da ɗan idon da ya rage mini. Abin da na manta, kai kuma ba ka tuna mini ba, shi ne ƙarami ba ya sauke hannu sai babba ya amsa. Bai amsa ba. Ya tsaya yana gyara agogo. Ya juya yana magana da wani. Ya zagaya ta bayanta yana duba ɗinkin rigarta. Hannunta yana sama, bariki guda na kallo, ba wanda ya yi ko tari. Sai da ya gaji don kansa ya taɓa hularsa da yatsa biyu.

Dokar ta fito. Lauya ta dawo, wannan karon ko zama ba ta yi ba. Ta ce abin da ya faru bayan an sa hannu kaɗai ofishin zai karɓa, na baya ya bi tsohuwar hanya. Ta ce za ta ci gaba da bugawa da su, kuma waɗanda ke tafe za su amfana. Na ce Allah ya sa. Shi kuwa Manjon an mai da shi makarantar horar da sababbin shiga.

Kurtu tana ɗakina, an ba ta hutu. Ba ta ɗora mini laifi ba, da ma ta zage ni. Hannun daman nan ba ta cin abinci da shi. Tana ajiye shi a cinya kamar na aro, ni nake ba ta a baki. Jiya na gwada wasanmu na da, na ce a sauke hannu, Kurtu. Ta dube ni ta ce ai a sauke yake, Kaka.

In za ka zo, ka bar Saje a gida, ka zo mata da uba. Nas, ajiye biron haka, na gaji.

Mahaifiyarka