Wanda Ya Riga Zuba Taki

Lahadi, 8 ga Nuwamba, 1953
Na kai gyaɗa Ɗambatta. Har da tunkiyar Indo matata na haɗa, kuɗin fansar gonar Baba bai cika ba. Damina uku ke nan tana hannun Mati mai jakuna, tun da na jinginar masa saboda haraji. Ni kuwa ina fama da ɗan fegin bayan gida kamar baƙo.

Talata, 1 ga Disamba
Inna ta ba da tasoshin aurenta a sayar. Na kasa kallon idonta, amma na karɓa.

Juma'a, 8 ga Janairu, 1954
Kuɗi ya cika! Ana saukowa daga masallaci na nufi gidan Mati. Ko taɓawa bai yi ba. Wai, "Zailani, ka makara, je ka ga gonar." Na je. Taki tsibi-tsibi tun daga gindin kuka har iyaka, shekaranjiya jakunansa suka kawo daga birni. Wa yake zuba taki yanzu, ko kara ba a gama kwashewa ba? Wallahi labarin tasoshin ya ji.

Asabar, 9 ga Janairu
Dagaci ya ce haka al'ada take, wanda ya zuba taki sai ya ci amfaninsa. In dawo bayan kaka. Na ce in ya sake riga ni fa? Ya ce in yi haƙuri. Da gemuna na fito ina hawaye.

Litinin, 1 ga Fabrairu
Kuɗi a tukunya. Ba gona, ba tunkiya, ba tasoshi. Rumbu ba zai kai mu damina ba, in kuwa na taɓa kuɗin nan shi ke nan. Ya Allah.

Alhamis, 18 ga Fabrairu
Hure, matar marigayi Kamilu, ta zo. Ɗanta ba lafiya, za ta jinginar min da gonar marayunta. Na ce a'a. Indo ta ce, to me za mu ci?

Litinin, 22 ga Fabrairu
Na karɓa. Na rantse mata, duk ranar da ta kawo kuɗin, gonarta ce.

Laraba, 3 ga Nuwamba
An yi dawa, alhamdu lillahi. Ƙasar Hure ta fi ta Baba, ban dai faɗa wa kowa ba. Indo ta ce an ga Hure a Ɗambatta ta sayar da akuyarta.

Na aika a tambayo min nawa Mati yake kawo taki. Tambaya ce kawai.