A Binne Ni Kusa da Jaririn Shefali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'ya'yana Mizan da Tahmina, da ke Shefali, wadda kika shigo gidan nan a matsayin matar Mizan.

Ku yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. Ban taɓa rubuta muku komai ba sai sunayen kayan miya da nake mannawa a ƙofar firij. Karatuna ya tsaya a sakandaren 'yan mata ta garinmu a Sylhet, kuma ko a can ni ce mai zama a ƙarshen aji, wadda ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu. Malamarmu takan ce duk mai rubuta magana mai nauyi ya ja layi da rula, ya rubuta a hankali, kada ya goge. Na ja layin. In kun ga kuskure, ku wuce shi, ku ɗauki abin da nake nufi.

Ni ce Jahanara Begum, matar marigayi Abdul Motin, mazauniyar garin Hamtramck a nan Amurka. Ina rubuta wannan cikin hankalina, babu wanda ya sa ni. Ciwon a hanta yake, bai taɓa kaina ba. Likita ta yi wa Tahmina bayani da Turanci a bakin ƙofa, tana zaton ba na ji. Na ji. Ba zan ga an cire duman da ke rataye a rumfar bayan gida ba.

Na ɗaya. Babu mai bina bashi. Babbar tukunyar dafa shinkafar biriyani da ke ƙarƙashin bene ta matar liman ce, a wanke a mayar mata.

Na biyu. Gidan nan naku ne, Mizan da Tahmina, kamar yadda addini ya raba, kuma takardarsa tana wurin lauya. Amma ba za a sayar da shi ba, ba za a sa ɗan haya a ɗakin sama ba, har sai katin zaman Shefali ya fito. Nan hukuma ta sani, nan wasiƙunta ke zuwa. Mizan, tunda ka koma garin Warren ba ka buƙatar ɗakin. Duk wanda ya tambaye ka me tsohuwar matarka ke yi a gidan uwarka, ka ce masa wasiyya ce.

Na uku, kuma saboda wannan na ɗauki alƙalamin.

Shefali ta shigo ƙasar nan da katin zama na shekara biyu, irin wanda ake ba wa sabuwar amarya, kuma zai ƙare a watan Oktoba. Da auren yana nan, da miji da mata za su sa hannu tare a nemi mai tsawo. Auren ba ya nan. Mizan, ka sake ta a falon nan a gaban liman da kawunka Lutfur, ta yi idda a ɗakin sama ta gama, dukanmu muka ɗauka magana ta ƙare. Sai da Tahmina ta kai mu ofishin lauyoyin da ke taimakon baƙi muka san ba ta ƙare ba. Lauyar, wata siririya mai furfura, ta saurare mu har ƙarshe sannan ta ce, "Mama, a wurin hukuma har yau matarsa ce. Sakin da aka yi a falo bai iso gare su ba." Ta ce Shefali na iya neman katin ita kaɗai, ba sai da miji ba, in dai kotu ta raba auren kuma aka nuna cewa auren gaskiya ne, ba na neman takarda ba. Ta ce kada a jira har katin ya mutu.

Ga inda muka tsaya. A addini ba matarka ba ce, a doka ba bazawara ba ce, lokaci kuma yana tafiya. Da na yi maka maganar ka ce, "Ammu, uwata, na sake ta a gaban Allah, sai kuma in je in sake ta a gaban alƙalin Amurka? Sau nawa mutum zai yi abu ɗaya?" Kawunku Lutfur ya ce, "Ku saya mata tikiti kawai, ai gidan ubanta bai rushe ba." Mahaifin Shefali kuma ya bugo waya ya ce 'yarsa ba za ta kai miji kotu ba muddin yana raye. Kowa ya faɗi tasa, ita kaɗai ce ba a tambaya ba. Ni na tambaye ta muna gyaran kifi. Ta ce, "Ammu, ina so in zauna."

Ba za ku tuna Monowara ba, kuna ƙanana. A benen da ke kallon namu ta zauna. Mijinta ya bar ta, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, tana ta jiran ya huce. Wasiƙun hukuma suna zuwa tana tura su ƙarƙashin katifa, don ba ta iya karanta su ba kuma ba ta son a sani. Ranar da hukuma za ta fitar da ita daga ƙasar ta kawo mini tukwanen barkononta ta ce in riƙa ba su ruwa kafin ta dawo. Shekara uku ina ba su ruwa.

Saboda haka, Mizan, kai za ka shigar da takardar rabuwa a kotu, da hannunka, a cikin makon da wannan ta iso ka. In kai ka shigar, mahaifinta ba shi da abin cewa. Ba na roƙon ka ka mayar da aure. Ina cewa ka buɗe ƙofar da ka rufe ta a ciki. Katin ba naka ba ne da za ka karɓe don kai ka kawo ta. Ke kuma Shefali, duk wasiƙar da ta zo, ko ta ba ki tsoro, ki buɗe ta ranar da ta zo, ki kai wa Tahmina.

Na huɗu. Maganar shaida.

Lauyar ta tambaya ko akwai asusun banki na su biyu. Babu. Takardar haya, ko ta wuta, mai sunayensu? Babu, domin komai na gidan nan da sunan mahaifinku yake, daga baya ya koma nawa, kuma mu ba mu saba sa sunan suruka a takarda ba. Muka miƙa hotunan biki. Ta duba ta ce suna da kyau, sai dai masu auren ƙarya ma suna da hotunan biki. Sannan ta ce, "Kun haihu?" Shefali ta ce, "A'a." Tahmina ta kalli ƙasa. Ni ma ban ce komai ba.

Yau zan ce. An haifi ɗa namiji a sanyin da ya wuce, bai zo da rai ba. Maza suka kai shi makabarta Shefali tana kwance a asibiti. Kafin a sallamo ta mun kwance gadon jariri, mun kwashe ƙananan riguna mun ba da su, mun ce da ita kada ta ambata, Allah zai kawo wani. Haka aka yi wa iyayenmu, haka muka san tausayi. Ta bi maganarmu, ta daina ambaton yaron, daga nan ta daina ambaton komai. Kai kuma, Mizan, ka roƙi ƙarin aiki a masana'anta, kana fita tana barci kana dawowa tana barci. Ranar saki liman ya tambaye ka laifinta, ka ce, "Ba ta magana." Kai ma ba ka yi ba, ɗana.

Takardar asibiti da ta makabarta suna ɗauke da sunayenku ku biyu. A kai wa lauyar. Ba raina yaron ba ne a nuna cewa ya zo duniya. Tawa shaidar na riga na bayar. Wata mata mai hatimin hukuma ta zo har gadon asibiti, na rantse cewa na ga auren nan da idona, na ga Mizan yana cire wa matarsa ƙayar kifi kafin ya ci nasa, na gan shi yana koya mata tafiya a kan ƙanƙara tana riƙe da rigarsa tana dariya. Kai ma ka rubuta taka, ka faɗi gaskiya kawai.

Kuma na san ka raɗa wa yaron suna a bakin kabari. Mai kula da makabartar ya faɗa wa Tahmina. Shefali ba ta sani ba har yau. Ba ni zan faɗa mata ba, ba Tahmina ba.

Na biyar. A asibiti akwai wata mata da aikinta shi ne ta zauna ta saurari abin da ke damun mutum. Da ta fara zuwa na juya mata baya, na ce da Tahmina ta gaya mata ciwona a ciki yake, ni ba mahaukaciya ba ce. Ba ta ji haushi ba. Ta dawo da tafinta a waya, ta tambaye ni me nake shukawa. Daga duma da barkono muka fara. Ban san ta ina muka bi ba, sai na ji ina gaya mata cewa tsakanin Mizan da Tahmina na haifi 'ya mace da ba ta yi kuka ba, kuma har yau ban san inda aka sa ta ba. Ku ma yanzu kuke ji. Fiye da shekara talatin ina ɗauke da ita ni kaɗai. Matar ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai tambaye ni ko na taɓa tunanin sunan da zan sa mata. Na taɓa. Ranar na ci abinci.

Shefali, ki je wurin irin wannan matar. Lauya ta ba Tahmina lambar wata cibiya da ke da mai jin yarenmu, kuma abin da kika faɗa a ɗakin ba ya zuwa kunnen matan unguwa. Za su yi magana duk da haka, za su ce surukar Jahanara ta taɓu. Su yi. Sun yi maganar Monowara ma, babu wadda ta karanta mata wasiƙa ɗaya. Mizan, kai ma ka je, kai kaɗai, a ranar da ba tata ba. Zuwa can ba ya hana salla, ba ya rage tawakkali. In ka ƙi, za ka ɗauki shirun nan ka kai gidan wata 'yar mutane.

Na shida. Awarwarona na zinariya na Tahmina ne. Alƙur'anin mahaifinku da agogonsa na Mizan ne. Zinariyar da aka sa wa Shefali ranar biki tata ce, duk abin da matar kawunku za ta ce. Keken ɗinki da kwalaben irin shuka ma nata ne, don ita kaɗai ta san wanne ne wanne. Tahmina, ki koya mata tuƙi, ki ga ta koma ajin Turanci da ta bari.

Akwai kuma gabar da ke tsakaninku, Tahmina, ke da Mizan. Ina ji daga ɗakina lokacin da kika ce, "Yaya, lokacin kawo ta kai ka cika takardu har da na gobe, yanzu hannun ya shanye?" Shi kuma ya ce ki fara yin naki auren kafin ki koya wa mutane rabuwa. Tun ranar ba ku zauna a tabarma ɗaya ba, kowa yana tambayar ma'aikatan asibiti ko ɗayan ya tafi kafin ya shigo. Ki ba yayanki haƙuri a kan lafazin, 'yata, ba a kan maganar ba. Kai kuma ka karɓa.

Na bakwai. Kawunku zai ce a ɗauki gawata a jirgi a kai ni Sylhet kusa da mahaifinku. Ku gode masa, ku ce a'a. Mahaifinku yana can tsakanin iyayensa da 'yan'uwansa. Yaron nan ba shi da kowa. Na tambaya, an ce akwai wuri a layin da ke dab da sashen yara. A sa ni a can.

Idan ƙasar kabarina ta kwanta, ku zo ziyara ku uku. Na san ba a saba kai mata makabarta ba a wurinmu, amma wannan karon ku kai Shefali. Mizan, ka wuce gaba, ka nuna wa Shefali inda ɗanta yake, ka faɗa mata sunansa da bakinka. Ka tsaya a wurin ka dube ta, sannan ka tambayi kanka ko za ka iya bari a ɗora ta a jirgi ta bar shi ƙarƙashin ƙanƙara. Abin da ta ce da ni muna gyaran kifi bai tsaya a "ina so in zauna" ba. Ta ƙara da cewa, "Ban ma san inda yake ba, Ammu. Yaya zan tafi?"

Allah Ya yi muku albarka ku uku. Ya ba Mizan sanyin zuciya, Ya ba Tahmina abokin zama mai jure bakinta, Ya ba Shefali zama lafiya a ƙasar da ɗanta yake kwance. Na yafe muku, ku yafe mini. Ranar Idi ku ci abinci a gidan nan, a tabarma ɗaya, ko da babu mai abin cewa. Saki ya raba Shefali da Mizan, bai raba ta da ni ba, kuma duk wanda ya kira ni uwa ya riƙe ta a matsayin 'yar'uwa.

Hannuna ya gaji, layin ya fara karkacewa. Akwai sunan 'yar nan tawa da ban faɗa wa kowa ba sai matar asibiti, ina so in bar muku shi a rubuce, amma yau ba zan iya ba. In Allah Ya ƙara mini 'yan kwanaki, kuma wannan ba ta yi muku nauyi da yawa ba, ina neman izininku in sake rubuto muku.

Mahaifiyarku,
Jahanara Begum