Hular Baba

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Takur? Ya ƙarin haƙuri?

Ni lafiya lau nake a nan China. Aikin dai shi ne haɗa ƙananan gilasai masu raba haske gida biyu. A rufe muke ruf, sai ido kawai, don ko ɗigon gumi yana ɓata gilashin.

Lokacin cin abinci na ga saƙonki na rasuwar Baba. Na koma na ƙarasa aikina, na ce idan an tashi na yi kukan. Aka tashi, bai zo ba. Har yau shiru.

Allah ya jiƙansa. Don Allah ki ajiye min hularsa, kar a wanke ta. Wataƙila idan na shinshina ta zai zo.

Ƙaninki,
Kamilu